Yaro ya ci kiredit a Turanci, me ya sa ake sake koya masa a jami'a kuma yake faɗuwa?

Tun watan Nuwamban 2025 da ministan ilimi Dokta Tunji Alausa ya tsaya a wani taro a Abuja ya ce an soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, Turanci ne harshen koyarwa tun daga rabin aji har jami'a, maganar nan ba ta kwanta ba a Gombe. A majalisa ita ake yi, a ofishin malamai ita ake yi, a guruf na WhatsApp kuwa ba a magana. Wasu na cewa dama Hausa ce ta kashe mana yara, wasu na cewa an yi watsi da harshenmu ne kawai. Amma tambayar da iyaye suka fi yi mini, da yake ni malamin Turanci ne a sakandare, ba ma wannan ba ce. Cewa suke Malam, yaron nan shekara 12 yana Turanci, ya ci kiredit a WAEC ko NECO, ya rubuta Turancin JAMB, ya samu admishan, to me ya sa a shekarar farko aka sake ɗora masa kwas na Turanci dole, kuma ya dawo mana da kariya-oba? Laifin yaron ne, ko na makarantar, ko takardar da ya shiga da ita ce ta ƙarya?

Me ake nufi da harshe na biyu

Mutane da yawa sun ɗauka harshe na biyu shi ne wanda ka koya bayan na farko, kamar lissafi, ɗaya sai biyu. In da haka ne da rabin yaran jihar nan Turanci na uku ne ko na huɗu a wurinsu. Yaro daga Dukku ko Nafada ya tashi da Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa, Larabci a allo ko Islamiyya, sannan Turanci. Na Billiri ya tashi da Tangale, na Zambuk da Tera, na Talasse da Waja, duk sai sun bi ta Hausa kafin su iso Turanci.

A wajen masu nazarin harshe abin da ake dubawa shi ne aikin da harshen yake yi a ƙasa. In ba harshen gidanku ba ne amma da shi ake mulki, da shi ake shari'a a manyan kotuna, da shi ake jarrabawa da takardar banki, to shi ne harshe na biyu. Halin da muke ciki ke nan, mu da Ghana da Kenya da Indiya. Kundin tsarin mulki na 1999 ma a sashe na 55 cewa ya yi da Turanci za a yi aikin Majalisar Tarayya, Hausa da Ibo da Yarbanci sai in an yi musu tanadi. A Maraɗi ko Damagaram kuwa ɗalibi darasi ne kawai yake shiga na Turanci ya fito, sauran karatunsa da Faransanci aka saba yi, wannan shi ake kira harshen waje. Wani masani ɗan asalin Indiya mai suna Braj Kachru ya kasa masu Turanci gida uku a shekarun 1980, da waɗanda harshen gidansu ne irin Ingila da Amurka, da mu da muka gaje shi daga mulkin mallaka, da irin su Sin da Saudiyya da ke koyonsa dan hulɗa da waje.

Amfanin sanin wannan shi ne, mu a tsakiya muke, kuma tsakiyar nan ita ke cutar mu. Ɗan Sin in ya je jami'a a Amurka an san ba ya jin Turanci, sai a gwada shi, a sa shi ajin da ya dace da shi, a koya masa kafin ya shiga karatun gaske. Ɗanmu kuwa ana ɗauka ya riga ya iya tunda ai ƙasarsu Turanci ake yi, alhali wani bai taɓa hirar minti biyar da Turanci ba a rayuwarsa.

Turanci kala uku ne a manyan makarantu

Akwai wanda ya je karanta Turancin kansa, digiri ko NCE, yana nazarin nahawu da furuci da adabi. Akwai na share fage, irin rimediyal da IJMB wadda jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, inda ake ɗan gyara wa mutum kafin ya shiga. Sai na uku wanda shi ne maganarmu, Turancin dole na kowa da kowa. A jami'a sunansa GST 111 a sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fitar ƙarshen 2022, a foliteknik GNS 101, a kwalejin ilimi GSE 111. Ko likitanci kake a jami'ar jihar Gombe, ko injiniyanci a ATBU Bauchi, ko noma a Kashere, ko kana kwalejin ilimi ta tarayya, FCE, ta kan titin Ashaka, sai ka yi shi, kuma ba ka kammalawa sai ka ci.

To shi wannan kwas ɗin ba a tsara shi dan ya koya wa mutum harshe ba. An tsara shi ne dan wanda ya riga ya iya, a nuna masa yadda ake ɗaukar rubutu a lakca, yadda ake taƙaita dogon bayani, yadda ake tsara sakin layi da rahoto da wasiƙar ofis. A jami'a yunit biyu ne. Ka ce awa biyu a sati, sati 15 in Allah ya tsare ba yajin aiki ba jinkirin rijista, awa 30 ke nan. Wane harshe ake koyo a awa 30? Kuma da yake duk 'yan aji ɗaya ne ke yinsa sai ka ga an tara ɗaruruwa a zaure guda, lakcara ɗaya da makirfo, na baya ba sa ji, wasu na tsaye bakin taga, a ƙarshe a yi jarrabawa ta zaɓi A, B, C, D saboda ba wanda zai iya zama ya maka insha'i ɗari takwas shi kaɗai. Kwas na koyon rubutu amma ɗalibi ya gama bai rubuta shafi ɗaya an gyara masa da jan biro ba. Ba na zargin lakcarori, na san wasunsu, mutane ne masu ƙoƙari, abin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Turancin hira daban, Turancin karatu daban

Nan ne asalin abin da mutane ba su gane ba, kuma in aka gane shi an gane rabin matsalar.

Wani masani a Kanada, Jim Cummins, tun 1979 ya bambanta iya harshe gida biyu. Akwai na hira, gaisuwa da ciniki da labarin ƙwallo, wanda fuska da hannu da halin da ake ciki ke taimaka maka ka gane. Akwai kuma na karatu, wanda ba kowa gabanka sai takarda, jimloli dogaye, kalmomin da ba a faɗarsu a titi. Binciken da ya yi kan yaran baƙi a can ya nuna na hira ana kama shi cikin kamar shekara biyu, na karatu kuwa yana cin shekara biyar zuwa bakwai, kuma wannan fa a ƙasar da yaro ke jin Turanci safe da yamma ne, a aji da waje.

Mu kuma a nan ma'auninmu baki ne. In yaro yana zuba Turanci da karya harshe sai a ce kai wannan ya iya boko, in yana in-ina ko yana sa f a wurin p sai a yi masa dariya a ce daƙiƙi ne. Alhali na sha ganin mai zubar ya kasa fahimtar sakin layi ɗaya na littafin bayoloji, na kuma ga yarinya mai kunya wadda ba ta buɗe baki a aji amma in ta karanta abu ta kama shi.

'Yar yayana tana aji ɗaya a wata babbar makaranta, ɓangaren kimiyya. Hutun zangon farko ta zo gida da takardar tes ɗinta, maki 3 cikin 15, idonta ya yi ja, ta ce Bappa wallahi na yi karatu, na haddace handawut ɗin nan tun daga bango har bango. Muka zauna kan tabarma bayan isha'i na karɓi takardar na haska da waya. Tambaya ta ce ta bambanta abu biyu, ita kuma ta jero siffofin kowanne daban-daban, shafi guda cur, duk daidai, amma ba inda ta ce wannan ya saɓa wa wancan ta nan. Tambaya ta biyu akwai wata 'yar kalma mai nufin "ban da" a tsakiyar jimla, ba ta lura da ita ba, sai ta kawo ainihin abin da aka ce a cire. Na ajiye takardar na yi mata tambayoyin biyu da Hausa, kafin na rufe baki ta ba ni amsa, har da misalin da babu shi a handawut. Kimiyyar tana kanta. Kalmomi biyu ne suka ci mata maki 12.

Irin kalmomin nan na umarni, bambanta, kwatanta, tattauna, yi sharhi, kafa hujja, da ƙananan nan masu juya magana irin su sai dai, duk da haka, matuƙar, in ba haka ba, su ne ƙashin bayan Turancin karatu. Ba a jin su a fim, ba a jin su a waƙa, ba wanda zai turo maka su a cat. Sai a littafi.

Inda Hausa ke leƙowa

Gaskiya ne harshen farko yana bin mutum cikin na biyu, kuma ba abin kunya ba ne, Bafaranshe ma haka yake yi, Balarabe ma haka. A furuci an san namu, p da f, b da v, da sautin nan da ake sa harshe tsakanin haƙora wanda muke mayarwa s ko z, da wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe biyu, shi ya sa ma muka samu buroshi da sukudireba. Wannan ba ya kayar da kowa a jarrabawar rubutu.

Wanda ke kayarwa shi ne na ma'ana. Ɗauki kalmar ji. Muna jin magana, muna jin yunwa, muna jin ƙamshi, muna jin Larabci, muna jin zafi, kalma ɗaya. Turanci kowanne da kalmarsa. Haka sha, ruwa da magani da taba da wuya duk shansu ake. Haka ci, abinci da jarrabawa da kasuwa da bashi. Haka aro, mai bayarwa da mai karɓa duk da kalma ɗaya muke yi, su kuwa biyu ne. Yaron da ke tunani da Hausa yana juyawa kalma bayan kalma dole ya yi tuntuɓe a waɗannan wuraren, kuma wuraren sanannu ne, ana iya lissafa su a koyar da su cikin 'yan makonni. Sai dai manhajar ɗaya ce daga Kalaba har Gombe, littafin da ake sayarwa bai san da zaman Bahaushe ko Bafulatani ba, kuma an sa wa malami a rai cewa in ya yi bayani da Hausa a ajin Turanci ya yi abin kunya.

Daga ina abin ya faro

Daga firamare. Tun tsarin ilimi na ƙasa na 1977 takarda ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko sannan a koma Turanci. A 2022 lokacin minista Adamu Adamu, mutumin Azare, aka ce a kai shi har aji shida. Amma duk wanda ya shiga firamaren gwamnati a Bolari ko Pantami ko wani ƙauye a Kwami ya san abin da ke faruwa. Littafi da Turanci, allo da Turanci, jarrabawa da Turanci, bayani da Hausa, yara na maimaitawa da ƙarfi ba su san me suke faɗa ba. Ba a koyar da Hausa yadda yaro zai iya karanta ta da rubuta ta ba, ba a kuma koyar da Turanci yadda zai ji shi ba. An yi biyu babu.

Sai sakandare, inda komai ya koma neman kiredit. Daga A1 zuwa C6 ka tsira, D7 ka zauna gida. Ko a Oktoban 2025 da aka sassauta lissafi ga masu neman kwasa-kwasan adabi da makamantansu, Turanci yana nan daram ga mai son jami'a. Abin da aka ɗora wa rai da mutuwa haka dole a nemo masa hanya ta halal da ta haram, daga haddar tsofaffin tambayoyi zuwa satar amsa da sentocin da kowa ya san abin da ake yi a ciki. Ita kanta takardar ba kullum take faɗin gaskiya ba. A 2025 an yi ta ganin hotunan yara suna rubuta Turancin WAEC da dare da tocila, da sakamako ya fito aka ce kashi 38 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce an yi kuskure wajen makin objektif na Turanci, adadin ya koma kusan 63. Turancin JAMB kuwa tambaya 60 ne na zaɓi a kwamfuta, ba a rubuta ko jimla ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zagayen da abin ke yi. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne cikin 400, na kwalejin ilimi 100. Wato wanda ya fi rauni shi muke turawa ya zama malami, ya yi GSE ɗinsa cikin taron nan, ya karɓi NCE wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ya dawo firamare ya tsaya gaban yara 80. Ba raini ba ne, akwai zaƙaƙurai a cikinsu, kuma albashin da ake ba su ba ya jawo kowa. Amma ba a ba da abin da babu.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Minista Alausa ya kafa hujja da cewa yankunan da suka fi riƙo da harshen uwa su ne ke yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Masu goyon bayansa na ƙarawa da cewa harsunan ƙasar nan sun haura 500, a aji ɗaya a Kaltungo ko Tumfure za ka samu yare biyar, wanne za a zaɓa? Kuma ɗan Tangale ko Tula yana da haƙƙin ya tambaya me ya sa Hausa za ta zama harshen uwar ɗansa a makaranta. Ga shi ba littattafan kimiyya, ba malaman da aka horar. Waɗannan maganganu ne masu nauyi, ban yarda a share su ba.

Malaman harshe kuma na cewa ta yaya za a ce tsari ya gaza alhali ba a taɓa aiwatar da shi ba? Suna tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara komai da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma darasi ne a hannun malamin da ya ƙware, yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su.

Ni a nan na fi karkata, kuma ba sai na je Ife ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Hausa ya fara, daga makarantar Bauchi ya tafi Kwalejin Katsina a 1928, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi, shi ne aka yi wa laƙabi da mai muryar zinare. Sa'adu Zungur malamin Larabci ne mawaƙin Hausa, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba. Hausa ba ta tare musu hanya ba. Abin da suka samu wanda yaranmu ba su samu ba shi ne aji ƙarami, malami da ya san harshen, da littafi a hannu. Sanarwa daga Abuja, ko ta Hausa ko ta Turanci, ba ta kawo ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Yadda abin ke taɓa aljihun talaka

Kariya-oba ɗaya a GST na iya riƙe yaro ƙarin zango ko shekara, ga kuɗin rijista, ga haya, ga abinci, ga bautar ƙasa ta wuce shi. Wanda ya tsallake ta hadda kuma sai ya haɗu da ita a furojet, a nan ake biyan wani a shagon kwamfuta ya haɗa, yanzu kuma waya ke rubutawa, ranar kare aiki a tambaye shi abin da ya rubuta ya tsaya yana kallon ƙasa. Daga nan sai intabiyu, a ba wani aikin ba dan ya fi shi sanin aikin ba.

Masu son fita waje su ma suna mamaki in aka ce sai sun yi jarrabawar Turanci ta IELTS duk da digirinsu da Turanci suka yi. Birtaniya ba ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da Turanci ne harshen yawancin mutanensu ba. Jarrabawar tana gwada sauraro da karatu da rubutu da magana, maki daga 0 zuwa 9, sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu, kuɗinta ya ninka mafi ƙarancin albashi. Nas mai son aiki a can ana neman 7 a uku, 6.5 a rubutu, kuma rubutun nan shi ke mayar da mutane baya, abin da ba a taɓa gyara musu ba tun firamare.

Abin da manyan makarantu za su iya yi ba sai an jira Abuja ba

Su daina ɗaukar kiredit a matsayin shaida. Satin farko a ba kowane sabon ɗalibi shafi ɗaya ya karanta ya taƙaita da hannunsa, daga nan za a san wa ke buƙatar me. Masu rauni a kasa su rukuni na 30 ko 40, a ɗauko 'yan aji huɗu na sashen Turanci da masu digiri na biyu a ba su ɗan alawus su riƙa zama da su, kowane sati a yi rubutu a gyara. Abin da za a karanta ya fito daga kwas ɗin ɗalibi, mai noma ya karanta na noma, mai shari'a na shari'a. Kuma a cire kunyar nan, in kalma ta tsaya a faɗe ta da Hausa ko Fulatanci a wuce.

Da 'yar yayan nawa abin da muka yi ke nan kafin hutu ya ƙare. Na sayo mata littafin rubutu mai shafi 40, muka tattaro tsofaffin tambayoyin sashensu, duk kalmar umarni da muka gani ta rubuta ta a hagu, a dama ta rubuta da Hausa abin da ake so ta yi. Kowane dare ta karanta sakin layi ɗaya daga littafin kwas ɗinta, ta rufe, ta gaya mini da Hausa, sannan ta rubuta shi da Turancinta a jimla uku, in ja mata layi inda ta kauce. Daren farko jimla ukun sun ci mana kusan awa ɗaya. Ranar da za ta koma, a tasha, ta ce Bappa ƙawayena biyu na ɗaki sun ce in tambaye ka ko za su iya kwafar littafin.